Sunan da Baba Ya Tsallake

Litinin, 3 ga Yuni

Dattawan ikilisiya sun hana Baba yin addu'ar rufe sujadar Lahadi. Fasto ne ya zo ya faɗa mini, yana ta murza hularsa. "Yaya, ba wai mun yarda da zancen ba ne, amma mutane sun tsorata."

Zancen shi ne: tun kafin a haife ni Baba yake rufe sujada da kiran sunan kowa, benci bayan benci, har da 'ya'yan da suka tafi birni. Da ya yi ritaya daga aikin fasto aka bar masa wannan. Yanzu ido ya tafi, tunani ma yana bin sa. A watan jiya ya tsallake Tela, Tela ya rasu cikin makon. Lahadin da ta biyo ya tsallake Ungozoma. Mun binne ta shekaranjiya.

Laraba, 5 ga Yuni

Na je wurin Kawu, ƙanen Baba kuma shugaban dattawa. Na yi masa bayani yadda nake yi wa edita a da, lokacin da nake aikin jarida. Tela ya daɗe da ciwon zuciya, Ungozoma ta haura tamanin. Baba ya tsallake mutane da yawa da suke nan suna cin abinci. Ya tsallake Makanike sau biyu, ga shi kullum a ƙarƙashin mota yana zagin mutane.

Kawu ya ce, "Wannan ko mutuwa ba ta son sa." Ya yi dariya, sannan ya daina. "'Yar jarida, ke kina neman hujja. Ni ina da mata da ke riƙe numfashi har sai sun ji sunan 'ya'yansu. Wannan sujada ce?"

Abin ya ba ni haushi.

Alhamis, 6 ga Yuni

Ban faɗa wa Baba ba tukuna.

Lahadi, 9 ga Yuni

Na faɗa masa muna hanya, hannunsa a kafaɗata. Ya ce, "To, Uwata." Shi ke nan.

Fasto ya rufe da 'yar gajeriyar addu'a. Baba na zaune a kujerarsa gefen bagade a gaban majami'a, leɓɓansa na motsi ba sauti. Na buɗe ido, sai na ga rabin majami'a ma idonsu a buɗe, suna kallon bakinsa. Shugabar mata har tana miƙa wuya. An hana shi magana, sun koma karanta leɓe.

Alhamis, 13 ga Yuni

Baba ba ya cin abinci. Na kai cokali bakinsa ya kau da kai. Ya tambaye ni ko an sayar da majami'ar ne. Na ce a'a. Ya ce, "To wa ke kai mutane gaban Ubangiji?" Na ce Fasto. Ya ce, "Yaron nan bai san sunan kowa ba, 'yan'uwa, 'yan'uwa kawai yake cewa."

Rigarsa ta yi masa yawa. Idan aka ci gaba haka, ba zai ga ƙarshen damina ba. Wannan ba camfi ba ne, na ga ƙashin wuyansa.

Asabar, 15 ga Yuni

Na koma wurin Kawu. Ban kawo hujja ba wannan karon, na ce masa kawai ya zo ya ga yayansa. Ya zo, ya gani, ya fita yana share ido. Gobe Baba zai yi addu'a.

Lahadi, 16 ga Yuni

Ya ci abinci da safe, har ya nemi ƙari.

Muryarsa ta fita tas. Ya bi bencin maza, ya bi na mata, ya kira Tela da Ungozoma kamar suna zaune, ba wanda ya yi motsi. Ruwa ya sauko a kan kwano, ya ɗaga murya ya rinjaye shi. Kowa ya ji sunansa, ina jin ajiyar zuciya layi layi. Ya zo kan gidanmu a ƙarshe, kamar kullum. Ya kira ni. Ya kira Inna, mahaifiyarmu, wadda ta daɗe da rasuwa. Sai ya ce amin.

Bai kira Auta ba. Ƙanena, ɗansa na ƙarshe, da ke aikin gini a birni.

A bakin ƙofa ba wanda ya iya haɗa ido da ni. Shugabar mata ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta saki ba.

Litinin, 17 ga Yuni

Wayar Auta a kashe. Ya saba, ba ya kula da caji.

Talata, 18 ga Yuni

Har yanzu a kashe. Mai gidan hayarsa ya ce bai kwana a ɗaki ba tun Asabar.

Mantuwar tsoho ce, na sani, ni ce na faɗa wa kowa haka. Duk da haka da hantsi na sami kaina a durƙushe gaban kujerar Baba ina cewa, "Baba, ka ce Auta. Ka faɗa kawai." Ya shafa kaina ya yi murmushi, ya ce, "Wane Auta, Uwata?"

Wani direba ya ce ya ga mai kama da shi a tasha jiya da rana. Bai tabbata ko shi ne ba.