Jan Zaren da Na Ɓoye a Kalmasa

Zuwa ga babban ɗana,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwar mahaifiyarka, sai kuma mutuncina da na zubar da hannuna makon jiya.

Ka san tun da ƙanwarka ta karɓi shagon ɗinkinmu ta kori ado kamar ya zage ta. Ta shafe bango da farin fenti, ta rataye riguna uku kacal, wanda ya leƙo sai ya yi mana jajen sata. Riga ba aiki a wuya, ba maɓalli, ba aljihu, buhu dai da hannuwa. Na tambaye ta ina ta samo wannan fasaha, ta ce wai daga kallon ƙwai da inuwar taga. Ni da na tsaya a aji huɗu ban san sai an yi digiri ake kallon ƙwai ba. Ga masu hali kuma suna layi, suna shafa yadi suna lumshe ido, sai ka ce sun ga abin da ba mu gani ba.

Shekara arba'in ina surfani, yau aikina kalmasa da hannu, wadda ba a son zare ya nuna. Yabona ke nan, a ce ba a ga aikina ba! Sai zuciya ta ɗebe ni, na riƙa dasa ɗan tauraro da jan zare can cikin kalmasa, inda ido ba ya kaiwa. Riguna goma sha biyu, farare tas. Ashe zaren araha na sayo, mai zuba. Matar wani likita ta wanke tata, ta dawo da ita kamar an yanka kaza a kai. Ƙanwarka ba ta ɗaga murya ba, don su ko faɗansu ba ado. Ta ce kawai in kwance sauran kafin su ga ruwa, in ba haka ba kujerata ta shago ta koma gida. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Na bi gida goma da reza a aljihu, ina sallama ina ba da haƙuri, da furfurata. Wata ma ta ce in dawo sai ta tashi daga barci, na kuwa dawo.

Ka gaishe mini da surukata da jikokina, musamman mai sunana sarkin ɓarna. Mahaifiyarka da gwaggonka suna gaisuwa. Af, riga ta sha biyun ita ce wadda muka aiko wa matarka. Don Allah ka hana ta wankewa, ka ba amintacce ya kawo mini. Har ta iso, kujerata da ƙafa uku take tsaye.

Ni ne mahaifinka,
Tsohon mai surfani, sabon mai kwance ɗinki.