Muƙalar rumbunan Zurmi

Litinin, 14 ga Maris, 2005

Muƙalata kan yadda toka da ganyen darbejiya ke kare gero daga ƙwari a rumbunan Zurmi ta fito. Na zaɓi mujallar da ke intanet, wadda kowa ke karantawa kyauta. Ban zaɓe ta da garaje ba. Aikin da aka yi a rumbun talaka bai kamata a kulle shi inda sai jami'a mai hali ke iya buɗewa ba.

Alhamis, 17 ga Maris

Na shaida wa Dakta Namadi, shugaban sashenmu. Ya yi dariya. “Malam Muhtari, ka hidda zakkar ilimi tun bai kai nisabi ba! Ran ƙarin girma mi za ni aza ma kwamiti bisa tebur, iska?” Na ce masa aiki zai yi magana.

Asabar, 11 ga Fabrairu, 2006

Gusau, shagon intanet, domin na Ƙaura, inda nake koyarwa, ba wuta. Masu bincike daga Sudan, Indiya da Nijar sun kafa hujja da aikina a rubuce-rubucensu. Wani Dakta Hayatu na Maraɗi ma ya maimaita gwajin a rumbunan can, ya sami abin da na samu. Muƙalata ta farko, wadda ke cikin mujallar takarda, har yau ba wanda ya ambace ta. Na buga shaidar duka, na sa a fayil. A mota na tsinci kaina ina murmushi.

Talata, 9 ga Mayu

Kwamitin ƙarin girma ya zauna. Al'adarsu ita ce a miƙa mujalla hannu zuwa hannu, a duba bango, a duba sunayen editoci, a jinjina nauyi. Tawa takardu ce da na manne da kaina. An ce wani dattijo ya ɗaga ta da yatsa biyu ya tambaya ko takardar darasin ɗalibai ce. Ba a kai ga shafin waɗanda suka ambaci aikin ba.

Juma'a, 12 ga Mayu

Ban samu ba. Sai baɗi. Abbati, wanda na koyar a ajin farko, ya samu.

Gidan manyan malamai da muka sa wa rai ya wuce mu. Matata Saudat ta daina auna labule. Ina nan a kan ra'ayina. 'Yan kwamitin ne a baya, ba ni ba.

Lahadi, 28 ga Mayu

Dakta Namadi ya zo har gida, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce akwai gurbi a mujallar da abokinsa ke bugawa, mai bango mai kauri. “Kawo sabuwar muƙalarka ta waken Shinkafi, ka bar gardama. Iyali gare ka.” Na san inda kofen mujallar ke ƙarewa: cikin kabad. Na ba shi. Wannan ɗaya ce kawai, kuma ba sauya ra'ayi ba ne.

Dakta Hayatu ya aiko yana tambayar yaushe ta waken za ta hau intanet, ɗalibansa na jira kafin kaka. Ban amsa ba tukuna. Layin ba shi da kyau kwanan nan.