Hannun Kumagai

Zuwa ga Hayasaka Shuji, hedikwatar banki,

Bayan gaisuwa, da fatan sanyin bana bai takura maka ba. Nan bakin teku ƙanƙara ta fara sauka.

Ka tuna da bazara ka zo reshenmu da na'urar ɗaukar murya, ka ce za a adana abin da tsofaffin manajoji suka sani kafin mu yi ritaya? Na saki baki don kai ne, a hannuna ka koyi aiki. Har na gaya maka Kumagai mai masana'antar busar da kifi hannunsa ya fara rawa, likita ya ce ba ya warkewa. A gidan wankan jama'a ya faɗa mini, ya ce, "Ko matata ba ta sani ba. Ka riƙe bakinka, tsohon banza."

Yanzu sabon jami'inmu ya karanta hirar a kwamfuta, ya hana shi rancen sayen kifin bana. Shuji, goge wurin nan kafin Kumagai ya gane. A garin nan nake so in tsufa, kusa da kabarin iyayena.

Naka,
Nagamine

Zuwa ga Maigida Nagamine,

Ina gaisuwa cikin girmamawa, tare da fatan gwiwarka ta yi sauƙi.

Na daɗe kafin na ɗauki alƙalami. Na kai maganar gaban kwamiti. An tsara ma'ajiyar hirarrakin ne yadda abin da ya shiga ba zai fita ba, domin kada wani ya ɓoye abin da zai cuci banki. Ni na rubuta wannan ƙa'ida. Shugaban sashenmu ya ce, "Haba Hayasaka, ai amfanin abin ke nan! Da can sai mutum ya karye muke jin labari." Ya sa batun, ba tare da suna ba, cikin nasarorin shekara.

Abin da na iya shi ne rage yawan masu buɗe shafin. Na san bai isa ba.

Ɗalibinka,
Hayasaka

Shuji,

Ina amsawa. Ka daina wahala, ya gane. Yaron nan namu, sabon jami'in, don ladabi, ya russuna wa Kumagai a gaban matarsa ya ce, "Yaya hannun, yallaɓai?"

An rufe masana'antar. Ƙungiyar masunta ta kwashe ajiyarta ta kai wani wuri. Waɗanda suka rage, ka tambaye su kasuwa su ce lafiya, ka tambaye su gida su ce lafiya. Sa wannan ma a ma'ajiyarka.

Na je ƙofar Kumagai na durƙusa. Bai buɗe ba. Ta bayan ƙofa ya ce, "Tashi, kada sanyi ya kama ka a rubuta." In na shiga gidan wanka yanzu, sai hira ta mutu. Zan koma birni wurin 'yata. Kabarin iyayena na bar wa masu kula da haikali, wurin ibadar garin.

Ka gaida iyali.
Nagamine

Maigida,

Ina gaisuwa. An yanke shawarar rufe reshenku a ƙarshen Maris, kuma ni aka ba aikin.

Jiya na ɗauki hirar wani manajan mai shirin ritaya. Kafin na kunna na'urar, na ba shi labarinka. Da na kunna, sai ya yi ta bayani a kan yanayin sanyi har muka tashi. Na adana shi yadda ya faɗa.

Ka sauka lafiya.

Ɗalibinka,
Hayasaka