Shabat a Tsohon Bokiti

Zuwa ga 'yata Hajara,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya zafin Jidda? Mu muna nan Gusau yadda kika sani, a ɗaki biyun nan na kawunki, ba mu zuwa ko'ina.

Irin ganyen da kika aiko, wanda kika ce Larabawa na kira shabat, na shuka shi a tsohon bokiti. Ya fito siriri kamar gashi, ƙamshinsa har tsakar gida. Sai dai saiwarsa na son zurfi, bokiti ya yi masa kaɗan, ya fara yaushi.

Nan ƙanenki Bashir ya samu hujja. Wai zai kai sauran irin zuwa lambunmu na 'Yandoto, domin ke kika ce fadama ce ta dace da shi. Hajara, da girmanki? Kin san abin da ya raba mu da lambun nan, kuma har yau masu bindiga na tare hanyar. Wanda yake nesa ya kamata ya iya bakinsa. Da na hana shi sai ya ce, "Inna, har yaushe za mu yi noma a bokiti?"

Jiya na tuge shabat ɗin duka na zuba a miya, sauran irin kuma na watsa a murhu. Kada ki sake aiko wani. Ki kira Bashir ki janye maganarki.

Ki sa mu a addu'a idan kin je Harami. Ki gaida maigidanki da jikokina.

Mahaifiyarki,
Inna