Sauran Waƙar Hafsatu

Danchadi, ta Bodinga, 1983

Zuwa ga ɗana Attahiru, a Kano.

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ka lafiya, kai da Safinatu da yara, Ya ƙara maka basira ga aikinka na jami'a. Na gaishe ka don haka anka koya mana, amma ka sani shekaru ke nan ina riƙe da kai a zuci, tun ranar laccarka ta Sakkwato. Malam Sa'idu na firamare ne ke rubuta mini, kuma na hana shi tausasa maganata.

Mu nan sai godiya. Albasa ta yi a fadama, amma taki ya yi wuya, sabulu da kananzir kuwa sai wanda ya san wani. Ɗiyata Atika ta sauka lafiya a Shagari, an samu namiji. Gidan nan ni kaɗai ne a ciki yanzu, Zulai matar maƙwabcina Lawali ke aiko mini tuwo.

Ka san matata, Innarka Hafsatu, ita ce ta goya ka tun rasuwar ƙanena, mahaifinka. Da ka zo da rikoda ka ce za ka ɗauki waƙoƙinta na niƙa don bincike, ban hana ba. Fartanyata na ɗauka na yi fadama, don namiji mai mutunci ba ya kasa kunne ga abin da mace ke faɗa wa dutsen niƙa. Duk zamanmu ban taɓa tsayawa na saurara ba. Damina ba ta kewayo ba Allah Ya karɓi abinSa.

Bayan nan Malam Sa'idu ya ji a rediyo malaman jami'a za su yi wa jama'a lacca, kowa ya zo, har da sunanka. Ba ka gayyace ni ba, amma na sa rigata ta Juma'a na hau mota. Baya na samu wuri, bakin ƙofa. Ka yi bayani da Hausa, wannan na yaba maka. Ka ce a waƙar niƙa mata ke zuba abin da ba su iya faɗa wa miji ido da ido. Sannan ka danna rikoda, sai ga muryarta, da gurzar dutse, har da ɗan tarin nan nata. Tana cewa ta auri mai taurin kai, wanda ke gaida albasarsa da safe kafin ya gaishe ta. Ɗaki ya ɗauki dariya. Na ji ta ja numfashi ta ce amma fa shi wannan mutum, sai ka kashe, ka ce lokaci ya ƙure.

Da anka ba da damar tambaya na miƙe. Na fara gaida manyan da ke zaune, kamar yadda ya kamata, da gajiyarsu da iyalinsu. Ban kai rabi ba mai gabatarwa ya ce Baba a taƙaita, a tafi kai tsaye ga tambaya. Ni Mainasara za a katse wa gaisuwa cikin taro? Na ɗauki sandata na fita. An ce ka biyo ni har titi. To, ban juyo ba, kuma ko yau ne ba ni juyowa.

Na aika maka ta bakin direbobi ina neman sauran waƙar, sai dai riga ka aiko mini da Sallah. Ban roƙe ka riga ba. Na tambayi tsoffin matan unguwa ko sun san ƙarshen waƙar, sunka ce kowace mace tata take ƙagawa. Yanzu ma injin niƙa ya zo Bodinga, ba mai waƙa kuma. Malam Sa'idu yana da rikoda, ni kuma na sayi batir duk da tsadarsa, yana nan cikin tukunya kada ya yi sanyi.

Ka gaida Safinatu, da Yakubu, da ƙaramar da kunka sa wa sunan Hafsatu, wadda har yau ba a kawo mini na gani ba. Lawali da Zulai suna gaishe ku.

Attahiru, baƙi sun ji rabin maganar matata, ni mijinta ina son sauran. In yabo ne nawa ne, in zagi ne ma nawa ne. Ka aiko kaset ɗin, ko ka zo da ƙafarka ka faɗa mini abin da ta ce bayan amma. Ƙafafuna sun fara kumburi, kada ka ce sai bayan damina. Ka ba ni amsa.

Baffanka,
Mainasara Danchadi