Hular da Kyaftin Rizwan Ya Ɗaga Mini

Abba,

Ina gaisuwa. Ya jikin Ammi? Ya sanyin Chitral?

Lafiyata ƙalau a Karachi, lasisin tuƙin jirgin sama ma ya fito. Sai dai ranar Talata na shiga gajimare ni kaɗai, na kasa bambance sama da ƙasa. Da kyar na fito.

A makaranta akan kifa mana hula ta hana mu ganin waje ta taga, don mu koyi dogara da agogunan jirgi. Amininka Kyaftin Rizwan kullum sai ya ɗaga tawa, ya ce, "Leƙa abinka, ɗana ne kai." Ranar jarrabawa ma haka.

Kada Ammi ta ji. Ragon godiyar da ka ware wa Kyaftin kuwa, a yanka a yi sadaka. Ba Kyaftin ne ya fito da ni daga gajimaren nan ba.

Ɗanka,
Shahzeb