Ƙulli Biyu a Zaren da Na Auna Kunnen Yaya Jatau

Tudun Wada, Laraba, 10 ga Oktoba, 1956, ƙarfe biyu da kwata na rana.

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya, ina roƙon Allah ya sa kina cikin rahamarsa.

Ina zaune a barandar ɗakin shan magani, na sallami mutum na ƙarshe. Wata biyar ke nan da kwana tara da aka ba ni takardar gama karatu aka turo ni nan. Sau uku ina fara wasiƙar nan ina yagewa. Na san ba za ta iske ki ba, shekara huɗu da wata biyu ke nan da rasuwarki. Amma jibi Juma'a, bayan la'asar, zan karanta ta da bakina a ƙofar gidanmu, a gaban mutanen unguwa. Ke ya kamata ki fara ji, don ke na yi wa laifin.

Maganar Yaya Jatau ce. Akwai miki a saman kunnensa na hagu, ya ƙi warkewa. Da Babbar Salla na ɗora zare a kansa na ƙulla daidai faɗinsa. Ranar Juma'ar da ta wuce na hau keke na je gida na sake aunawa da zaren, na yi ƙulli na biyu. Tsakanin ƙullin farko da na biyu ƙwayar dawa biyu za su zauna. Zaren yana cikin aljihuna. Yau kaɗai na fito da shi ya fi sau goma, kamar zai canza magana.

Kin haife shi zabiya, kuma shi ne ɗanki na fari. Ban taɓa jin sunansa a bakinki ba, sai dai "yaron nan". Amma kunyar ɗan fari a baki ta tsaya. Kullum da safe sai kin zaunar da shi a kan turmi, kin kwaɓa man kaɗe da jar ƙasa, kin shafe masa kunnuwa da ƙeya da bayan hannu. Matan gida suna yi miki tsiya, wai wace uwa ce take taɓa ɗan fari da rana tsaka. Ke dai sai ki ci gaba da shafawa.

Ke kika sa Baba ya yarda Yaya ya riƙa fita gona da asuba, ya dawo da hantsi, sai kuma bayan la'asar. Ke kika sa aka ɗinka masa taguwa mai dogon hannu aka kai marina. Malfarsa kuwa ta fi ta kowa faɗi a garinmu Ƙofa, har samari suna cewa ya kifa faifan uwarsa a ka.

Shekarar da dagaci ya ce gidanmu ya ba da yaro ɗaya a elemantare, shi aka kai Bebeji. Mako uku ya yi aka dawo da shi, don ba ya ganin allo ko daga layin gaba. Sai aka ɗauke ni a madadinsa. Ni na sami inuwar aji, shi ya sami gona. Na daɗe ban lissafa abin haka ba.

Ga laifin. Da daminar da na zo hutu daga makarantar midil, ina ɗan shekara goma sha biyar, an koya mana cewa rana tana kashe ƙwayoyin cuta, shi ya sa ake shanya tabarma da bargo. Wannan gaskiya ne, har gobe ina faɗa wa mutane. Ba wanda ya ce mana a shanya mutum. Ni na ƙara wannan daga kaina.

Ranar gayyar gonar Kawu Sale ce. Maza sun taru a ƙofar gida da garemani, mai gangar noma yana ɗaure ganga. Na tarar kina shafa wa Yaya jar ƙasar nan a soro, sai na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce wannan ƙazanta ce, rana magani ce, a makaranta aka faɗa. Aka yi dariya, aka ce ɗan boko ya yanke hukunci. Yaya ya tashi ya wanke kunnuwansa a randa, ya tuɓe taguwa, ya rataye malfa a danga, ya bi su.

Ba ki yi faɗa ba. Kika goge hannunki a bakin zane, kika dube ni kika ce, "Garba, tabarma ba ta kuka."

Yaya ya dawo da almuru bayansa duk bororo, yana murna. A ranar ne mai ganga ya fara kiran sunansa cikin gwanayen noma. Kwana uku a rub da ciki yake kwana, kina ɗiga masa ruwan sanyi, bai daina ba da labarin kuyyar noman da ya riga kowa fitarwa ba. Daga ranar bai sake zama a kan turmin ba. Bayan rasuwarki kuma ba mai ko tuna masa.

A shekarata ta ƙarshe a makarantar koyon aikin asibiti aka zagaya da mu asibitin birni. Muka tsaya a gadon wani zabiya, manomi daga wajen Doguwa, an naɗe masa rabin fuska. Likita ya ce rana ce take cin fatar zabiya a hankali, shekara da shekaru, har wani mikin ya zama ciwon daji. Ya ce in an yanke da wuri sau da yawa ana dacewa, in an makara sai dai a rage zafi. Na tambaye shi me ke tsare su. Ya ce inuwa, da tufa mai kauri, da hula mai faɗi. Abokan karatuna suna rubutawa. Ni na kasa, don duk abin da ya lissafa na taɓa ganinsa rataye a dangarmu.

Da na je gida ranar Juma'a, Ladi matarsa ta ja ni bayan rumbu ta ce mikin yakan yi ɓawo, ya fashe, ya ɓata matashi da jini, kuma ya hana ta faɗa. Na same shi a gonar gyaɗa, kansa ba ko hula. Na yi masa bayani dalla-dalla, na ce akwai motar da ke tashi zuwa Kano kowace Litinin. Ya saurare ni har ƙarshe yana karkaɗe ƙasa daga saiwar gyaɗa, sannan ya ce, "Malam Garba, wace ranar ce ta sauya, ta sama ko ta littafinku?"

Ya ce gyaɗa ba ta jiran mai jinya. Na ce ni zan nemi izini in cire masa gyaɗar. Ya kalli tafin hannuna ya yi dariya har da tari. Da dariyar ta lafa sai ya faɗi abin da ke ransa. Ya ce in ya mayar da malfa haka kawai, cewa za a yi rana ta kore shi, ya koma ɗan lelen Inna. Ya ce a gaban mutane na faɗa, a gaban mutane zan janye. In na yi haka zai hau mota.

To, ga shi ina janyewa. Ku da kuka tsaya da garemani a ƙofar nan ranar gayyar Kawu Sale, ku shaida: Inna ce take da gaskiya, ni ne na yi kuskure. Yaya bai gudu daga rana ba, ni na tura shi cikinta. Na san wasu za su ce malamin asibitin da ya yi kuskure jiya, me zai hana shi yau. Ku ce. Na ɗauka.

Inna, an horar da ni kada in faɗi abin da ban tabbatar ba, don haka ga abin da ban sani ba.

Ban sani ba ko mikin nan ciwon daji ne. Likita ne zai faɗa, ba ni ba.

Ban sani ba ko ƙwayar dawa biyu cikin wata uku sauri ne ko jinkiri.

Ban sani ba ko da na yi shiru ranar, da mikin bai fito ba.

Ban sani ba ko Yaya zai cika alkawari, ko Litinin za ta same shi a gona.

Ban sani ba ko jar ƙasarki tana tare rana kamar tufa. Ban tambayi likita ba, kunya ta hana ni.

Na sayi malfa mafi faɗi da na samu, na sayi man kaɗe, na ɗebo jar ƙasa a bakin rafi. Da safen nan na gwada kwaɓawa sau biyu: na farko ya tsinke, na biyu ya daskare. Ban san yadda kike haɗawa ba. Shekara nawa ina wucewa ta gefen turmin nan, ban taɓa tsayawa na duba ba.

Allah ya jiƙan ki, ya yalwata makwancinki, ya sa ki a inuwarsa ranar da babu wata inuwa sai tasa. Allah ya ba yaron nan naki lafiya, ya sa ban makara ba. Ki yafe mini.

Ɗanki,
Garba